Zuwa ga Aminina a Jidda, Kan Igama da Sauran Lamuran Zama

Sakkwato.

Assalamu alaikum Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya baƙunta, ya sabon aiki? Allah ya sa ka shiga a sa'a. Mutanen gida duk suna nan ƙalau, su Inna na ta yi maka addu'a.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi sau biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi wata guda ke nan da saukarka, igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ba ta fito ba, fasfonka na ofishin asibitin, kai kuma kana jin nauyin tambaya kada a ce ka cika azarɓaɓi. Wannan jin nauyin ne ya sa na zauna na rubuto maka takarda maimakon in kira. Mu an raine mu da kunya da kara, kuma a Sakkwato suna yi wa mutum rana. A can kuwa abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne, abin da aka rubuta da sunanka kuma kai za a tuhuma, ko da wani ya aikata.

Mu fara da igamar. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana 90 daga ranar shigarka ya fitar maka da ita, bayan an yi maka gwajin lafiya na can an kuma sa ka a inshora. Kuɗinta da na lasisin aiki da na sabuntawa duk a wuyansa suke, bai halatta a cire ko riyal ɗaya daga albashinka saboda su ba. Wata guda bai zama jinkiri ba tukuna, amma ka je ofishin ma'aikata ka tambayi inda aka tsaya, domin a aikinku na lafiya yawanci abin da ke riƙe takardu shi ne rajistar hukumar tantance ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, wadda ake bi ta shafinta na intanet mai suna Mumaris Plus. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin sunan da ke takardar makarantarka da na fasfo, Muhammad a nan Mohammed a can, ya isa ya tsayar da komai na makonni. Ranar da igama ta fito ka karɓi fasfonka ka ajiye a ɗakinka. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokarsu, kuma su ma sun san haka. Sannan ka buɗe Absher, manhajar gwamnati ta harkokin igama da biza, da lambar wayar da ke da sunanka, ka je kamfanin layin a mayar da rajistar daga lambar shigowa da aka rubuta maka a filin jirgi zuwa lambar igama, in ba haka ba wata rana za ka wayi gari layin ya mutu.

Ka kula da ranar ƙarewarta. Da lissafin Hijira ake rubuta ta, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, ga mutum ya saba da kalandar Bature. Igama na ƙarewa banki kan rufe asusu, ba fita ƙasar, ba sabunta komai. Ka fara tuna musu saura wata biyu, a rubuce.

Kwantiragi shi ne wurin da mutanenmu suka fi cutuwa, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Takardar da ejan ya ba ka a Nijeriya ba ita kotu za ta duba ba. Wadda ake aiki da ita ita ce wadda asibitin zai turo maka a manhajar Qiwa ka danna amincewa. Kada ka danna sai ka karanta layi-layi: albashin tushe, kuɗin gida, kuɗin mota, awannin aiki, tsawon lokacin gwaji wanda ba ya wuce kwana 180, tikitin hutu, da sunan aikin da aka rubuta maka. In Larabcin da Turancin sun saɓa, Larabcin ake bi, saboda haka ka nemi wanda ya iya Larabcin ofis ya duba maka, Larabcin zaure ba zai wadatar a nan ba. In ka ga an rage wani abu daga abin da aka yi alkawari, akwai wurin ƙin amincewa da rubuta dalili. Yin hakan ba rashin kunya ba ne, tsarin ne ya tanade shi.

Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar a wuri ɗaya. A watan azumi aikin Musulmi awa shida ne a rana. Akwai kuma kuɗin sallama da suke kira mukafa'a, wanda da yawa ke barowa don rashin sani: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, da albashinka na ƙarshe ake lissafi. A ce kana ɗaukar riyal 6,000, ka yi shekara uku kwantiragi ya ƙare, haƙƙinka 9,000 ne. Amma in kai ka ajiye aikin da kanka a wannan lokacin, kashi ɗaya cikin uku za a ba ka, wato 3,000, in kuma ba ka cika shekara biyu ba babu ko sisi. Daga shekara biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku ne. Kuma ranar tafiya kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙoƙinka sai kuɗin sun shiga asusu ka gani da idonka.

In albashi ya fara makara, ko rai ya ɓaci da shugaban sashe, abin da ba a yi shi ne zama a gida don fushi. Fiye da kwana 15 a jere ba zuwa aiki ba uzuri ya ba su damar kora ba tare da sallama ba, sannan a shigar da kai a matsayin wanda ya gudu, abin da mutanenmu ke kira hurubu. Daga nan mutum ya koma ɓuya, ƙarshenta kuma tarhil, wato kora gida, daga sansanin tsare baƙi na Shumaisi. Hanyar ita ce ka ci gaba da zuwa aiki, ka shigar da ƙara a ma'aikatar ƙwadago ta intanet, za a fara da zaman sulhu, in bai yiwu ba a tura kotun ma'aikata. Tun gyaran da aka yi a watan Maris na 2021, ma'aikacin kamfani na iya komawa wani wurin ba da izinin kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ba idan ya cika shekara, ko an riƙe masa albashin wata uku a jere. Wannan gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, don haka kada ka ba 'yan'uwanmu masu irin wannan aikin shawara da dokarka, tasu daban ce.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe. Kai mai igama ne, a garin da Hausawa marasa takarda ke da yawa, wasunsu a can aka haifi iyayensu. Za a zo maka da girmamawa, a gaishe ka da Sakkwatanci, a ce Malam taimaka ka yanko mini layin waya da sunanka, ko a turo kuɗi ta asusunka ka cire mini, ko ka tura mini wannan gida tare da naka. Layin da aka yanka da yatsanka, duk abin da aka yi da shi naka ne. Asusun da kuɗi ke ratsawa fiye da albashin mai shi, banki na ganinsa, kuma tambayar da za a yi maka ba ta da amsa mai daɗi. Haka shiga kasuwanci a ɓoye da sunan wani ɗan ƙasa, abin da suke kira tasattur: hukuncinsa na kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Haka sauke wanda bizar Umararsa ta ƙare a ɗakinka. Haka tara kuɗin taimakon masallacin unguwa ko na marayu a gida ba da izinin hukuma ba, duk kyawun niyya. Ka taimaki mutum da abin da ke aljihunka, ka saya masa abinci, ka biya masa magani, amma sunanka da yatsanka kada su bar hannunka. In ka rasa abin faɗa, ka ce wurin aiki sun hana, magana ta ƙare.

Saƙo ma haka. Duk mai tahowa ko komawa sai an ɗora masa ƙulli, a ce yaji ne da daddawa da kuka. Kada ka ɗauki abin da ba a buɗe a gabanka ba, ko daga hannun wa ya fito, kuma ka faɗa wa mai ɗakinka Hajiya haka tun yanzu kafin lokacin tahowarta. Goro haramtacce ne shiga da shi, hukumar alhazai na nanata wannan duk shekara. Tramadol da danginsa kuwa maganar rai ce, don hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne. Ka tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 kan jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai a watan Afrilun 2019 aka sako ta. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga takardun awon da aka manna a tikitinka, su zo daidai. Maganin asibiti kuma a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Kan ɗauko iyali da ka ambata, ka yi lissafi da biro kafin zuciya ta yanke. Kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarka ana biya masa riyal 400 a wata, kuma wannan kai ke biya sai in kwantiragi ya ce asibiti. Hajiya da yara uku riyal 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, ba a zo ga kuɗin makaranta ba. Haya ta yi tsada a Jidda tun rusau ɗin da aka yi daga 2021 zuwa 2022, wanda ya cinye tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Gulail da Sabil inda mutanenmu suka daɗe. Masu gida da yawa na son kuɗin wata shida ko na shekara a dunƙule, ga ladan dillali. Kada ka biya sai an shigar da yarjejeniyar a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, ka kuma duba mitar wuta ko akwai tsohon bashi a kanta. Kaya a shago akwai harajin kashi 15 cikin ɗari. Ni a ganina ka fara kawo su da bizar ziyara, su ga wurin, kai ma ka ga abin da wata ke ci, sannan a yi maganar zama.

Zafi ba zai ba Basakkwace tsoro ba, amma na Jidda wani iri ne. Namu na Afrilu busasshe ne, ka sha fura ka shiga inuwar darbejiya ka samu sauƙi. Nasu jiƙaƙƙe ne saboda teku, gumi ba ya bushewa, dare ma ba ya sanyi, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Ka riƙa wanke ragarta duk mako biyu, in ta toshe tana shan wuta tana kawo tari. Kaya kuma kada ka cusa su a kabad da sauran danshi, za su yi funfuna.

In ka sayi mota, kyamarorin Saher ba su san haƙuri ba. Riƙe waya a tuƙi riyal 500 zuwa 900, tsallake jar danja 3,000 zuwa 6,000, kuma tarar da ba a biya ba tana hana a buga maka bizar fita. In an yi karo ka ɗauki hoton motocin ka kira Najm, kamfanin da ke duba hatsari don inshora, kada ka yarda da a sasanta a baki. Hoton mutane kuwa, ko na hatsarin wasu, ko rubutu kan hukumar ƙasar a Facebook, ka yi nesa da su gaba ɗaya.

Makka kusan kilomita 80 ce daga inda kake, kuma mazaunin Jidda daga gidansa yake ɗaukar haramar Umara, wannan alheri ne babba, Allah ya sa ka mora. Hajji dai sai da izini ta manhajar Nusuk, zama a ƙasar bai ɗauke maka wannan ba. A 2025 tarar shiga ba izini ta kai riyal 20,000, da kora, da hana dawowa shekara goma. Masu cewa sun san hanyar bayan dutse za su same ka, kada ka saurare su. Bayan shekara biyu a aiki kana da haƙƙin hutun Hajji na kwana 10 zuwa 15 da albashinka, sau ɗaya.

Ta ɓangaren gida abu biyu. Layinka na Nijeriya da ke haɗe da BVN kada ka bar shi ya kwanta, ka riƙa sa masa kati kana tura saƙo lokaci-lokaci, don in ya daɗe ba amfani sayar wa wani ake yi, lambobin sirrin bankinka su koma shiga wayar baƙo. Fasfo kuma ka fara neman sabuntawa a ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda saura wata shida ko fi, ka tabbata sunanka da ranar haihuwa a NIN sun yi daidai da na fasfon. Kuɗin da za ka riƙa turowa ka yanke adadi ɗaya da rana ɗaya a wata, ka sanar da Baba shi kaɗai, ta banki, ka ajiye rasit. Mutane a nan suna jin riyal suna lissafi da naira, ba su ga haya da harajin iyali ba, in ba ka sa iyaka da wuri ba shekara za ta zagayo ba ka ajiye kuɗin bulo ɗaya ba.

Ka ɗauki hoton shafukan kwantiragin da zarar ya shigo Qiwa ka turo mini kafin ka danna komai, mu duba tare. Ka tuna kun riga mu da awa biyu, in ka kira bayan Isha'inku nan muna shirin Magariba ne, ka ɗan jinkirta. Mutanen majalisar Mabera na gaishe ka, sun ce a sa su a addu'a in ka je Harami.

Wassalam,
naka amini.