Wayar da ka jona wa injin yanke ciyawa

Assalamu alaikum yarona,

Da fatan kun tashi lafiya kai da iyali. Ranar Juma'a da na biyo ta gidanka na Rijiyar Zaki na ga wani abu, amma ban so in yi maka magana gaban matarka da yaron da ke muku aiki ba, shi ya sa na rubuto. Injin yanke ciyawar nan da ka saya, da siririyar farar ekstenshan ta fanka da cajin waya aka jona shi, an jawo ta tun daga falo har gindin mangwaro. Na sunkuya na taɓa ta, zafi zau. Kuma a inuwa take, kada ka ce rana ce.

Na juya injin na karanta rubutun da ke jikinsa: wat 1,800. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, in ka raba 1,800 da 230 za ka samu amfiya kusan 8, wato yawan wutar da injin ke ja. Wayar da ka sa kuwa 0.75 ce, ƙarfinta bai wuce amfiya 6 ba. Mai 1.0 tana ɗaukar kamar 10, mai 1.5 kamar 15. Waɗannan lambobi kaurin jan ƙarfen ciki suke nufi, kuma a rubuce suke a jikin robar in ka duba da kyau.

Sai maganar nisa, wadda ita ce mutane ba sa lissafawa. Ka san yadda ruwa ke isa bayan gida a wahalce in tiyon siriri ne kuma dogo? Haka wuta take. Daga falonka zuwa katangar baya ya fi mita 30, ga wutar tamu da sau da yawa ba ta zuwa da cikakken ƙarfi. Injin zai yi ta gurnani yana ɗaukar zafi, wata rana ka ji ƙauri, kwayil ya ƙone. Ni na gani a kan famfon tura ruwan gidanmu lokacin kana firamare. Na yi tsimin kuɗin waya, na biya na naɗin kwayil har sau biyu kafin wani mai gyara ya dubi wayar ya yi mini dariya. Saboda haka in nisan bai wuce mita 20 ba, 1.5 ta isa. Kai naka 2.5 za ka saya, ɗaya doguwa, ba guntaye uku da aka ɗaure da salatif ba.

In ka shiga Sabon Gari kada ƙibar roba ta ruɗe ka. Akwai wayar da za ka ga ta yi ɓul-ɓul, a yanka ka tarar da silin ciki kamar gashin jariri. Ka sa a fere bakinta a gabanka, ka kankare silin da wuƙa. In fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye musu kayansu. Ta gaske ma a hannu za ka ji nauyinta. Ka tabbatar mai sili uku ce, kuma fulogin yana da fis na amfiya 13. In fis ya tsinke a sayi wani, kada yaron ya cusa guntuwar waya a gurbinsa.

In kuwa ta gwanjo ce daga Amurka, su lissafinsu a juye yake: 12 ta fi 14 kauri, 14 ta fi 16. Injinansu ma na bolt 120 ne, kada ka soka su a soket ɗinmu kai tsaye.

In mai naɗi a gargare ka samu, a warware ta duka kafin a kunna inji, don a naɗe zafi ba ya samun hanyar fita. Ga damina ta kusa, kada a yi aiki ciyawa na jiƙe, kada kuma mahaɗar wayar da injin ta kwanta a ƙasa. Amaryata, jikar nan tawa, na gani tana yawo a wurin ba takalmi, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan.

Kafin ka sayo, a ɗauke injin a kulle a sito. Hajiyarka tana gaishe ku, ta ce a aiko mata da mangwaron in ya nuna.

Mahaifinka.