Sikila da Sauro: A Yi wa Jama'a Bayani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi magana kan cutar sikila, wadda har yau wasunmu ke ɗora wa mayu ko iska.

Asalinta ɗan sauyi ne, harafi ɗaya tak a ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin jan jini. To me ya sa ta yi yawa a ƙasashenmu? Sauro ne sila. A shekarar 1954, binciken Anthony Allison a Gabashin Afirka ya nuna cewa yara masu AS, wato waɗanda suka gaji wannan sauyi daga ɗaya kawai cikin iyayensu, sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro. Da yake su suka fi tsira, sai suka hayayyafa, suka gadar wa 'ya'ya da jikoki wannan sauyi. Irin wannan zaɓin yanayi ne masanin kimiyya Charles Darwin ya bayyana a 1859.

Amma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, wato mai cutar sikila. Na yi jinyar ƙanwata, na ga daren da ba a barci saboda ciwon ƙashi.

Don Allah ku ware wa wannan bayani shafi, musamman domin matasan da ke shirin aure ba su yi gwajin jini ba.

Naku,
Mai karatu daga Zariya