Godiya ga Shagon da Ya Karanta Takarduna Kafin Ya Yanke Min Hukunci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan wasiƙa zuwa ga Alhaji mai shagon kwafi da buga takardu ce, a cikin jerin shagunan ɗalibai da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a nan Birnin Kebbi, da yaran shagonsa, musamman baiwar Allah da ke zama a kan kwamfutar bakin ƙofa. Alhaji ya roƙe ni kada in kama suna, na kuma yi masa alkawari. Amma yin shiru gaba ɗaya ya fi ƙarfina.

Ni malamin makaranta ne. Shekara biyu ke nan, duk Juma'a daga la'asar zuwa gab da magariba, ni da ƙannena da 'ya'yan yayyena su shida muke shimfiɗa tabarma a zaure mu yi wasan labari. Ni ke jan labarin, kowane yaro yana riƙe da jarumi ɗaya. Yaro zai faɗi abin da jaruminsa zai yi, idan abin da haɗari sai a jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20, ita za ta nuna ya dace ko bai dace ba. Babu ko sisin kwabo a ciki, babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, duk tafiya ɗaya ake yi. Lissafin mun aro shi ne daga Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ƙashin kawai muka ɗauka, tsokar tamu ce: ƙasa ce ta ƙirƙira mai kama da Kabi ta zamanin Kanta, da ganuwar dutse irin ta Surame, da kwale-kwale, da masunta masu gora da homa.

Bayan shekara guda sai labarin ya fara salancewa. A ƙa'idar wasan ta bugun 2014, jarumi zai sha sara da suka, ya kwanta awa 8, ya tashi garau kamar ba shi ba. Yaran suka gane haka, suka daina tsoron komai. Wanda ya fi damuna shi ne yadda jarumansu ke yi wa sarki ƙarya, su karya alkawarin ɗan kasuwa, su wuce ba abin da ya same su. Ban tara yara a zaurena don su koyi wannan ba.

Maganin yana cikin ƙa'idojin ganin dama, waɗanda littafin jagoran mai jan labari na wannan wasa, bugun 2014, ya jera, ka ɗauki wadda ta yi maka ka bar sauran. Akwai wadda ta mai da gajeren hutu awa 8, dogon hutu kuma, wanda ke warkar da jarumi sarai, kwana 7, don rauni ya zama rauni. Akwai jadawalin raunin da ba ya gushewa, inda faɗuwa a fagen fama kan iya barin jarumi da ɗingishi ko ido ɗaya. A littafin 'yan wasa kuma akwai ta nauyin kaya, wanda nauyin kayansa ya wuce makin ƙarfinsa sau 5 tafiyarsa ta ragu da ƙafa 10. Amma wadda ta shiga raina ita ce ta daraja. Jarumi yana da siffofi 6 da ake aunawa, ƙarfi da zafin nama da juriya da basira da hikima da kwarjini, sai wannan ƙa'ida ta ƙara ta bakwai. Na sa mata suna mutunci. Cika alkawari da karɓar baƙo su ɗaga shi, cin amana ya zubar da shi, kuma wanda mutuncinsa ya zube ko mai kwale-kwale ba zai tsallakar da shi gulbi ba. Na zauna wata uku ina rubuta nawa salon da Hausa, ina gyara jadawalai su dace da ƙasarmu, har ya kai shafi 46.

Daga nan wahala ta fara. Shago uku na shiga kafin naku.

Na farko ya buga min duka 46, na duba na ga duk inda ɓ ko ɗ ko ƙ take wani ɗan akwati ne ya fito a madadinta. Layukan jadawali sun hau juna. Na nuna wa yaron, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce haka inji ya fitar, kuma sai na biya. Na biya. A na biyu, mutumin ya ga hoton ƙwaya da layukan lambobi, ya turo min filashi na ta kan tebur, ya ce da ƙarfi su ba sa buga takardun caca. Akwai ɗalibai a wurin, cikinsu har da wanda na koyar a aji uku. Na ukun ya fi ciwo. Ya kalli jadawalin nan mai gida-gida, ya kalle ni, ya tambaye ni wane malami ne ya ba ni wannan hatimi. Na buɗe baki zan yi bayani, ya riga ya juya ga wani. Ba na ganin laifin mutum don ya guji caca ko tsibbu, ni ma ina gudunsu. Abin da ya ƙona min rai shi ne da Hausa aka rubuta takardar, layi biyu kawai zai karanta ya san mene ne, amma ya zaɓi ya zubar min da mutunci a gaban jama'a. Na koma gida na jefa filashin a aljihun tebur, sati biyu ban taɓa shi ba.

Ranar da na shigo shagonku na shigo ne da shirin a sake kora ta. Yarinyar ta buɗe aikin, ta yi shiru tana karantawa. Na ga idonta yana bin layi, ba hoto take kallo ba. Can ta ce, "Malam, wanga aiki kai ka rubuta shi?" Na ce ni ne. Ta ce, "To ka yi haƙuri kaɗan, baƙaƙen ga masu lanƙwasa ba su fita da wanga salon rubutu, bari in canza shi." Ta canza, ta daidaita jadawalan ɗaya bayan ɗaya, ta mai da shi PDF don kada ya sake wargajewa a wata kwamfuta, ta buga shafi ɗaya tak ta miƙo min in duba kafin ta ci gaba.

Sai kuma ta yi abin da ban zata ba. Ta tsaya a jadawalin rauni ta ce, "Malam, nan ka sa 11 sau biyu, 12 kuma babu. In ƙwayar ta faɗa 12, mi za ya samu yaron?" Wata uku ina kallon shafin nan ban gani ba. Ita a zama ɗaya ta fahimci cewa dole kowace fuska daga 1 zuwa 20 ta sami gidanta. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru min, ba don kuskuren ba, don an ɗauki aikina a matsayin aiki.

Alhaji ma ya leƙo, kuma shi ma ya yi tambayar da ke ran kowa, amma ya yi ta yadda ake tambayar mutum. Ya jawo min kujera, ya ce, "Malam, tsakani da Allah, ana sa kuɗi a ciki?" Na ce ba a sawa, na kwashe bayani na yi masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ashe tatsuniya ce aka yi wa lissafi. Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata: an ɗinke littafin da zoben roba, an lulluɓe katunan jarumai shida da leda don a riƙa rubutu da alƙalamin maka ana gogewa, wuta ta ɗauke aka ta da janareto ba a ƙara min ko naira ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan ya zama abin mamaki. A garin da kusan kowa Hausa yake yi, ka kai katin ɗaurin aure ko takardar jarrabawar Hausa, a fito maka da kasa a wurin ƙasa, kafa a wurin ƙafa, bari a wurin ɓari, ka yi magana a ce ai duk ɗaya ne, za a gane. Wanda zai tsaya ya gyara harafi ɗaya na Turanci don kada a yi masa dariya, shi ne zai bar shafi guda na Hausa a lalace. Ga kuma ɗabi'ar kallon mai sayayya kamar ya zo roƙo, a karɓi kuɗinsa ana latsa waya. Ba shagunan kwafi kaɗai ba, kowa ya san ofisoshin da sai ka yi sallama uku kafin a amsa.

Juma'ar da ta wuce muka fara aiki da littafin. Jarumin autanmu ya yi wa Sarkin Ruwa alkawarin mai do da kwale-kwalen aro kafin faɗuwar rana, ga shi da rauni a ƙafa, ga dukiya a tsallake tana jira. 'Yan'uwansa suka ce a wuce kawai. Ya daɗe yana kallon katinsa, ya ce shi zai koma, ko da kuwa shi kaɗai ne. Sauran biyar suka bi shi.

Ƙanwata ta kan kwamfutar bakin ƙofa, kin ce in an sami hali in kawo miki kwafi ɗaya saboda ƙannenki maza da ke yini a kan waya. Na sa an tanadar miki, har da ƙwaya mai fuska 20 guda ɗaya cikin biyun da nake da su, zan kawo ranar Litinin in Allah ya kai mu. Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare dukiya, ya jiƙan magabata.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Birnin Kebbi.