Amsa ga ƙanena mai Canonet: farar riga da ma'aunin haske

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar da muka taru a Agege bayan Babbar Sallah, ka miƙe a gaban jama'a da kyamarar da ka gada wurin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ka ce hotunan da ka ɗauka a filin Idi duk sun fito da duhu, fuskoki ba sa ganuwa. Ka tambaye ni ko ma'aunin hasken da ke cikinta ne ya mutu, kuma ko ka sayi na hannu ne ko na waya ya isa. Kiran Magariba ya katse mu. Na ce zan amsa a rubuce, don na ga ba kai kaɗai ke da wannan damuwar ba.

Kyamararka Canonet QL17 GIII ce, wadda Canon ya fitar a 1972. An ƙera ma'auninta ne don batirin sinadarin makuri (mercury) mai ƙarfin bolt 1.35, wanda aka daina yi tun shekarun 1990 saboda gubarsa. Wanda ka saka mata, na tabbata irin na kasuwa ne mai 1.5. Wannan ɗan ƙarin ya isa ya sa ma'auni ya ga haske fiye da wanda ke akwai, sai ya tsuke idon kyamara, wato ƙofar da haske ke shiga, fim ya sha ƙishirwa. Ka nemi batirin na'urar taimaka wa ji, mai lamba 675. Ƙarfinsa 1.4 ne, ba ya daɗewa, amma ya fi kusa da gaskiya.

Sai dai ko da batirin ya yi daidai, da hotunan nan sun yi duhu, kuma nan ne nake so ka tsaya da kyau. Ma'aunin da ke jikin kyamara bai san shadda ba, bai san fuska ba. Duk abin da aka nuna masa, ɗauka yake ruwan toka ne tsaka-tsaki, wanda ke maido da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. To ka tuna filin Idi: sahu bayan sahu na fararen manyan riguna da suka sha bugu, rana tana dukansu. Ma'auni ya ga fari ya cika wuri, ya rage haske don ya maida farin toka-toka. Idan fari ya koma toka, ina baƙar fata za ta tsaya? Ga hula ta yi wa idanu inuwa, ga ranar Legas da ba ta daɗewa take hayewa tsakar ka. Wannan abu yana min ciwo, domin dattawanmu nawa ne hotunansu na Sallah suka zama riga da hula kawai, jikoki na neman fuska ba su samu ba.

Maganinsa: ka matsa kusa da mutumin, ka auna fuskarsa ko wurin da ke cikin inuwa, ka riƙe lambar da allurar ma'auni ta nuna, ka cire zoben saita ido daga A, inda kyamara ke saita kanta, ka saita da hannunka. Ka sani cewa a Canonet ma'auni ba ya aiki sai a kan A, don haka aunawa tukuna, saiti daga baya. In ba hali, ka buɗe ido da mataki ɗaya ko biyu, daga 16 zuwa 11 ko 8. Fim irin Kodak Gold 200 ko Ilford HP5 yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa.

Na hannu kuwa, in za ka saya, ka sayi mai farin ƙoƙo irin Sekonic L-308. Kana tsayawa wurin mutumin, ka juya ƙoƙon ya kalli kyamara, sai ya auna hasken da ke sauka a kansa, ba ruwansa da launin riga. Tsofaffin ma'aunai masu aiki da sinadarin seleniyam, irin Weston Master, ba sa buƙatar batiri, amma shekaru da danshi suna cinye su, kuma ka san danshin garin nan. Kada ka biya kuɗi sai ka gwada. Na waya ba laifi, ina amfani da shi in na shiga lungun kasuwar Mile 12 ƙarƙashin rumfuna, amma shi ma farar riga na yaudararsa.

Masu Leica M3 ta 1954 da masu Zorki ta Rasha ba su da ma'auni a jikin kyamara ko kaɗan. Da yawa da ƙiyasi suka yi aiki: rana tsaka, idon kyamara a 16, saurin ɗaukar hoto daidai da lambar da ke jikin fim. Fim 400, ka sa 1/500 na daƙiƙa, wanda ya fi kusa da lambar. In hazon hunturu ya rufe sama a Disamba, ka koma 11. In hadarin Yuni ne, 8 ko 5.6. Da wannan za ka gane ko ma'auninka na da lafiya.

Ka zo shago ranar Asabar da kyamarar da nagatif ɗin Idin. Ina so in ɗaga su a haske in ga ko akwai fuskar da za a iya cetowa.

Yayanka.