Babana, kan maganar tafiyar nan taku

Assalamu alaikum Babana, ya sanyi ya karatu? Jiya bayan isha Ummanka ta kunna min saƙon muryarka, na ji wai kai da abokinka ɗan Hangari za ku tashi daga garin Debrecen na can Hangari ku je Biyana ta ƙasar Ostiriya har Faris a hutun Disamba, kuma wai don kuɗi su isa za ku riƙa tsayawa bakin titi kuna ɗaga yatsa a rage muku hanya. Wallahi ban yi barcin kirki ba.

Tafiyar kam ban hana ka ba, tafiya mabuɗin ilimi, ka je ka buɗe ido. Tsayuwar bakin titin ce ban yarda da ita ba. Kai da na hana shiga motar kan hanya a Abuja saboda 'yan wan-cans masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, yanzu kuma a ƙasar da ko yarensu bai gama zama bakinka ba za ka faɗa motar wanda ba ka san daga ina ya fito ba? Ga shi a Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara, sanyi kuma ka fi ni sani. Sannan tsayuwa a kan babban titinsu na gudu laifi ne, ɗan sanda zai iya tsayawa a kanku, kuma shi abokin naka ɗan gida ne katinsa kawai zai nuna, kai kuwa baƙo ne mai koren fasfo da izinin zama na karatu, ba ɗaya kuke ba ko da kuna ci a kwano ɗaya.

In arha kake nema ai akwai ta. Daga Budafes babban birnin Hangari koren bas ɗin nan na FlixBus yana zuwa Biyana kullum, akwai kuma RegioJet masu ruwan ɗorawa, jirgin ƙasa ma bai kai awa 3 ba. Sirrin kawai ka yanki tikiti da wuri, sati 2 ko 3 kafin ranar, don kuɗin ƙaruwa yake yi in lokaci ya matso balle ga kirsimeti. In doguwar tafiya ce ka hau bas ɗin dare ka huta da biyan kuɗin kwana, amma fasfo da katin zama su kwana a aljihun cikin rigarka, kar ka kuskura ka bar su a jakar da ake sawa a but. Da katin nan kana da kwana 90 cikin 180 a sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, Ingila ba ta ciki ka cire ta a lissafi, kuma kar a ruɗe ka da cewa babu iyaka, 'yan sanda kan hau bas su bi kowa kujera kujera.

Jirgin sama mai arha irin Wizz Air da Ryanair shi ma ka yi lissafi da kyau, 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera kaɗai ce kyauta, kuma ka duba filin da za a sauke ka, na Beauvais da ake rubuta masa Faris ya fi kilomita 80 daga cikin gari. Ni ya taɓa ci na lokacin da na je kwas Jamus, na ga tikiti kamar kyauta ina ta murna, ashe filin Hahn ne sama da kilomita 100 daga Frankfurt, na sauka cikin dare da 'yar rigar shadda ina rawar ɗari ina jiran bas, abin da na tara duk ya tafi a hanya.

In dai motar mutane kuke sha'awa to ga manhajar BlaBlaCar, mutum ne zai yi tafiyarsa ku haɗa masa kuɗin mai, ka ga sunansa da hotonsa da abin da waɗanda ya taɓa ɗauka suka ce a kansa. Wannan na yarda.

In kuma Allah ya ƙaddara kun maƙale wani wuri babu yadda za ku yi, ku shiga gidan mai da rana ku yi magana da direba ido da ido, ka ɗauki hoton lambar motar a gabansa ka turo min, in ya ɓata rai ka fasa. Ka kunna min lokeshan a WhatsApp, jaka a kan cinyarka, kar ku rabu da abokinka, in ka ji warin giya ko zuciyarka ta ƙi kwanciya ka ce a sauke ka ba kunya. Lambar gaggawa 112 ce a duk ƙasashen nan kuma kyauta ce, waya kullum da caji.

Ka zauna yau ka haɗa min lissafin bas da wurin kwana ka turo, in sha Allahu in aka yi albashi zan cika maka abin da ya rage. Kar ka manta da addu'ar tafiya, kuma kana da ƙasaru. Ummanka ta ce wai rigar sanyin nan mai hula ta bara tana nan ko ka bayar?

Abbanka