Amsa ga mai tambaya game da Andrei Sakharov

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri,

Na ga tambayar da ka yi mini a bainar jama'a, inda ka ce don me nake tausaya wa Andrei Sakharov, masanin kimiyyar nukiliya ɗan Rasha, alhali yana cikin waɗanda suka ƙera wa Tarayyar Sobiyet bam ɗin haidurojin, kuma a ganinka abin da ya shuka ne ya girba.

Gaskiya ne akwai hannunsa dumu-dumu a bam ɗin da aka gwada a Semipalatinsk, filin gwajin makaman Sobiyet da ke Kazakhstan, ranar 12 ga Agusta, 1953, kuma bai taɓa musanta haka ba. Sai dai wannan aiki lambar yabo ya jawo masa, har sau 3 aka ba shi ta Gwarzon Ƙwadago. Fushin hukuma ya fara ne da ya buɗe baki: a 1961 ya roƙi shugaban Sobiyet Khrushchev kada a koma gwajin makaman nukiliya, aka yi masa tatas a gaban mutane, sannan a 1968, da rubutunsa kan zaman lafiya da 'yancin tunani ya fita a ƙasashen Yamma, aka raba shi da aikin sirri na ƙera makamai. Da ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1975 an hana shi fita, sai matarsa Yelena Bonner ce ta karɓa a Oslo.

Bayan ya soki mamayar da Sobiyet ta yi wa Afghanistan, ranar 22 ga Janairu, 1980 aka tare motarsa a titin Mosko, aka kai shi Gorky, garin da aka haramta wa baƙin ƙasashen waje shiga, ba tuhuma, ba shari'a. An girke ɗan sanda a bakin ƙofarsa, jami'an hukumar leƙen asiri ta KGB suka sace rubutun tarihin rayuwarsa, ya sake rubutawa da ka. A 1984, da ya shiga yajin cin abinci domin a bar matarsa ta je neman maganin ciwon zuciya a waje, an ɗaure shi a gadon asibiti, aka matse masa hanci har sai ya buɗe baki neman numfashi, aka yi masa ɗura. Wane bam ne ake rama wa da wannan?

A Disambar 1986 aka sa masa tarho a gida, washegari Gorbachev, shugaban Sobiyet na lokacin, ya kira ya ce ya dawo Mosko. Sakharov ya gode, nan take kuma ya tuna masa da Anatoly Marchenko, ɗan fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam wanda ya mutu a kurkuku kwanaki kaɗan kafin nan, ya nemi a saki sauran fursunonin siyasa.

Wassalam.