Don Allah ku leƙa ƙauyen Eyam

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Ni fa ƙorafina da ku ɗaya ne, kullum in za ku yi maganar Ingila daga Landan sai ƙwallo, sai ka ce ƙasar ba ta da ƙauye.

Kwanaki wani abokina ya ja ni Eyam, wani ɗan ƙauye a yankin Derbyshire, ba nisa daga Sheffield inda nake zaune. Mutanensa ba su fi dubu ɗaya ba, gidajen duk na dutse, da can haƙar dalma ce sana'arsu. Amma labarin da ya tsaya min a rai na annoba ne. A 1665 aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan ashe da ƙuma masu ɗauke da cutar a ciki, yaron shagon George Viccars shi ya fara rasuwa, daga nan fa gida bayan gida. Da abin ya ci tura sai limamin cocinsu William Mompesson da wanda ya riga shi Thomas Stanley suka shawo kan jama'a cewa ba shiga ba fita, don kada su kai wa maƙwabta. Kuma suka yarda! Abinci sai dai a ajiye musu a bakin iyaka, su kuma su jefa kuɗi cikin ramukan wani dutse da aka zuba wa ruwan khal, dutsen yana nan har yau, na taɓa shi da hannuna.

Mutum 260 suka rasu cikin wata 14, har da matar Mompesson ɗin. Wata baiwar Allah Elizabeth Hancock ita da kanta ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Wallahi a gaban kaburburan nan hadisin nan ne ya faɗo min, in annoba ta sauka a gari kada ka shiga, in kana ciki kada ka fita, sai na tuna yadda muka yi ta gardama lokacin korona.

Har yanzu duk Lahadin ƙarshe ta Agusta suna taruwa a wani kwari, Cucklett Delf, inda kakanninsu ke ibada a fili lokacin cutar. In za ku turo wakili, ranar ya kamata ya zo, kuma ya taho da rigar ruwa don garin nan ba a yarda da samansa.

Naku mai sauraro daga Sheffield